Wa Ke Riƙe da Makullin Ƙofar Mata? Wasiƙa Daga Jidda

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Saudiyya, musamman na Jidda da Makka da Madina, a kan yadda muke shirya tarukanmu na biki da suna da walimar saukar Alƙur'ani da buɗa-baki da shagalin Salla. Na daɗe ina cikin waɗanda ake nema idan taro ya taso a cikin jama'armu, ni ne mai zuwa neman wuri, ni ne mai ciniki da mai wurin, kuma sau da yawa sunana da lambar iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ne ke hawa kan takardar haya. Saboda haka ba na zargin kowa da abin da zan faɗa, domin idan sakaci ne, ina cikin waɗanda suka fi kowa daɗewa suna yinsa.

A hunturun da ya wuce muka aurar da 'yar ƙanena, muka kama wata istiraha a bayan gari. Ga masu karatu na gida da ba su san ta ba, istiraha gida ne mai katanga da fili da zaurukan zama, ɓangaren maza daban, na mata daban, galibi har da wurin ninƙaya da ake kira masbah, ana bayar da hayarsa na yini ko na dare. Mai wurin ya faɗa mini adadin mutanen da wurin ke ɗauka, na amsa masa da to, alhali ni da shi mun san cewa bikin Bahaushe ba a ƙirga shi da katin gayyata, wanda aka gayyata yakan zo da maƙwabcinsa, maƙwabcin kuma ya zo da baƙinsa da suka zo Umara. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wata wayar jona wuta da aka ɗora wa butocin dafa shayi da amsa-kuwa da fitilun ado ta narke a ɓangaren mata, hayaƙi ya tashi, wuta ta ɗauke. Ɓangaren yana da ƙofa biyu, amma ta bayan an garƙame ta da kwaɗo tun da yamma, an kuma jingina mata kujerun da suka yi rara, domin mata sun cire abaya kuma ba a son yara su riƙa zirga-zirga ko wani namiji ya yi ɓatan kai ya faɗo. Makullin yana aljihun mai gadi, mai gadin kuma ya tafi sayen abincin darensa. Mata da yara suka yi ca a kan ƙofa ɗaya ƙunƙuntacciya mai labule, a cikin duhu, wata gwaggonmu ta faɗi aka bi ta kanta har ta karye a hannu, wata yarinya kuma ruwan zafi ya zube mata a ƙafa. Da na rarumo tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango na matsa, ko tari ba ta yi ba, ashe wa'adinta ya wuce da daɗewa. Allah Ya sa wani yaro mai aikin lantarki ya san inda babban makunnin yake, ya kashe shi, wutar ba ta kama labule ba. Ba mu rasa rai ba, kuma ba dabararmu ce ta sa haka ba.

Washegari na koma wurin mai istirahar da ƙarfin gwiwata, na ce masa ai mun biya ta'amin, sai a ɗauki nauyin asibitin waɗanda suka ji rauni. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce kuɗin da na ajiye jingina ce ta kayansa, kuma ya riga ya cire kuɗin dardumar da ta ƙone da bangon da ya yi baƙi. A nan na gane wani ruɗani da nake jin da yawa daga cikinmu suna cikinsa. Kalmar ta'amin a bakin mutanen ƙasar nan tana nufin inshora, tana kuma nufin kuɗin ajiya da mai haya ke bayarwa don a cire ɓarnar da ya yi. Wanda muke biya a istiraha da ɗakin biki na biyun ne. Yana kare kujeru da dardumar mai wuri daga gare mu, ba ya kare ko yatsar mutum ɗaya daga cikin baƙinmu.

Ba haka muka saba taro ba, shi ya sa har yanzu hankalinmu bai kai ga wannan ba. Lokacin da jama'armu ke dunƙule a unguwanni irin su Karantina da Gulail da Sabil a nan Jidda, biki a lungu ake yinsa, a shimfiɗa darduma a baraha, wato filin da ke tsakanin gidaje, a tare bakin hanya da benci, ƙofofin maƙwabta duk a buɗe, kowa ya san gidan da zai faɗa idan wani abu ya faru. Ban ce waɗancan lunguna ba su da nasu haɗarin ba, domin akwai waɗanda motar kashe gobara ba ta iya shigarsu. Amma daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni masu yawa a Jidda, a Makka ma aikin babbar hanyar da ake kira Masar ya ratsa tsofaffin unguwannin da mutanenmu suka daɗe a ciki, jama'a ta watse zuwa gidajen haya a sassa daban-daban. Yanzu duk taron da ya fi ƙarfin falo sai an kama wuri, ko a fita lambun shaƙatawa na gwamnati, ko bakin teku. Mun ɗauko al'adar lungu mun kai ta wurin da ba namu ba, wurin da ba mu san wayoyinsa ba, ba mu san ƙofofinsa ba, kuma yana da dokoki da takardu waɗanda jahilcinmu a kansu ba zai zame mana hujja a gaban alƙali ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, bayan na zauna na tuna manyan masifun bukukuwa da suka auku a wannan yanki, shi ne yadda suke kama da juna. A watan Yulin 1999 gobara ta tashi a tantin biki a ƙauyen Ƙudaih da ke Ƙaɗif a gabashin Saudiyya, fiye da mutum 70 suka rasu, kusan dukansu mata da yara. A watan Agustan 2009 aka cinna wa tantin mata wuta a wani biki a Jahra ta ƙasar Kuwait, mutum 57 suka rasu, mata da yara, kuma tantin ƙofa ɗaya gare shi. A watan Oktoban 2012, a wani ƙauye kusa da Abƙaiƙ, harbin bindiga na murna ya tsinko wayar lantarki ta faɗo a kan ƙofar ƙarfe ta wurin da mata suke, fiye da mutum 20 suka mutu. Sanadin kowanne daban ne, ɗaya ma da gangan aka yi shi, amma waɗanda suka mutu iri ɗaya ne, kuma dalilin yawansu ɗaya ne. Ɓangaren mata shi ne ya fi cika, shi ne ke da jarirai da tsofaffi, shi ne ke da labule da yadin ado da kaskon turaren wuta da butar shayi, shi ne kuma aka fi killacewa da toshe wa ƙofofi saboda sutura. Maza muna waje a fili muna shan iska, idan wani abu ya faru mu ne na ƙarshe da za mu sani, kuma ko mun sani sai mu tsaya jinkirin shiga saboda kunya. Sutura wajibi ce, ba wanda ke jayayya da haka, amma ana iya samunta da labule biyu ko shinge da mace mai tsaron ƙofa daga ciki, ba sai an sa kwaɗo ba. Kwaɗon da ke hana namiji shiga shi ne dai ke hana mace fita da goyonta.

Ɗakin biki na siminti ma bai tsira ba. A watan Satumban 2023 a Hamdaniyya ta ƙasar Iraƙi, tartsatsin wutar ado da aka kunna a cikin ɗaki lokacin da ango da amarya ke rawa ya kama kayan adon rufi masu saurin cin wuta, fiye da mutum 100 suka hallaka. Irin wannan wutar ado ta fara shigowa bukukuwan 'ya'yanmu, domin masu ɗaukar hoto suna son ta. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, to mu gemun maƙwabta nawa muke jira ya ƙone?

Na san amsar da wasu dattawanmu za su bayar, domin na ji ta a daren da abin ya same mu: abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa sai ya auku. Gaskiya ne, kuma da shi muka yi imani. Amma mu da muke zaune a ƙasar aikin Hajji mun ga da idonmu yadda ake haɗa imani da ƙaddara da ɗaukar mataki. A 1997 gobara ta cinye tantunan Mina, fiye da alhazai 340 suka rasu, bayan nan aka sauya tantunan da waɗanda ba sa kama wuta, aka hana girki da tukunyar gas a can. Bayan turmutsitsin 2006 a wurin jifa aka rushe tsohuwar gadar Jamarat aka gina mai hawa-hawa, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka tsara wa kowace tawaga lokacinta. Ba wanda ya ce waɗanda suka yi wannan aiki tawakkalinsu ya yi rauni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Abin da masana ke kira auna haɗari ba wani ilimi ne mai zurfi da ya fi ƙarfinmu ba. Shi ne mutum biyu ko uku, kuma lallai a cikinsu akwai mace, su je wurin kwana ɗaya ko biyu kafin taro, su zagaya shi da ƙafa suna tambayar kansu abin da zai iya faruwa a nan, wa zai shafa, yaya kusancin aukuwarsa, yaya muninsa idan ya auku, me za a yi a hana shi, kuma wane mutum ne takamaimai zai yi. Tambayar ƙarshe ita ce muke tsallakewa, domin a wurinmu aikin kowa da kowa ne, kuma aikin kowa da kowa ba mai yinsa. A ƙirga ƙofofin kowane ɓangare, a buɗe kowace a gani ko tana buɗuwa, a ga inda take fita, a karɓi makullin a hannun mai gadi a damƙa wa macen da aka san ba za ta bar wurin ba. A duba tukunyar kashe gobara, a ga ranar da ke jikinta da inda allurarta ta tsaya. A san inda babban makunnin lantarki yake, a nuna wa mutum biyu. Butar lantarki ɗaya tana jan wuta mai yawa, idan aka jera uku ko huɗu a kan wayar jona guda mai araha, narkewa za ta yi, kuma abin da ya same mu ke nan. A nisanta tukunyar gas da garwashin mai tsire daga tanti da hanyar wucewar yara, a kuma tuna wa masu girki cewa ba a kashe wutar mai da ruwa, rufe ta ake yi. Idan samari za su buga mizmar irin na Hijaz, wanda bisa al'ada ake kewaye wuta ana juya sanduna, to a ware masa fili nesa da shimfiɗa da motoci.

Masbah kuwa yana buƙatar magana ta musamman, domin haɗarinsa ba ya ƙara. Yaro yana nutsewa ne shiru, ba ihu ba fantsama, a cikin ɗan lokacin da uwarsa ta juya gaisawa da ƙawarta, kuma a taron mutum ɗari kowa yana zaton wani ne ke kallonsa. Idan ba taron ninƙaya aka zo yi ba, a nemi mai wurin ya kulle shingensa, idan ba shi da shinge a nemi wani wurin. Idan an bar yara su shiga, a tsayar da babba wanda ba shi da wani aiki sai wannan, a kuma riƙa canza shi.

Sai yawan mutane. Masu nazarin cunkoso sun nuna cewa idan mutane a tsaye suka haura huɗu ko biyar a faɗin mita ɗaya tsawo da faɗi, mutum ya fara rasa ikon tafiyar da jikinsa, turawa ce ke ɗaukarsa, kuma wanda ya faɗi ba ya iya tashi. Wannan ya fi faruwa a bakin ƙofa da wurin rabon abu. A watan Disamban 2024 yara 35 suka rasu a turmutsitsin wani taron yara a Ibadan, cikin kwanaki kaɗan kuma aka sake rasa rayuka a wuraren rabon kayan abinci a Abuja da Okija, kuma waɗanda suka shirya taron Ibadan, da suka fito da niyyar alheri, sun tsinci kansu a gaban kotu. Mu ma muna rabon kayan azumi da naman layya ga marasa ƙarfi a cikinmu. Kai wa mutum gidansa ya fi tara shi a layi aminci, ya kuma fi kare masa mutunci.

Zafi da ruwan sama da abinci ba sai na tsawaita ba. A Hajjin 2024 hukuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu saboda zafi, a ranakun da ma'auni ya haura daraja 51 a Makka. Ƙasar da ke hana ma'aikata aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ba wurin shirya gasar ƙwallon samari da azahar ba ce. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, wadda ta ci fiye da mutum 100, ya san cewa istirahar da ke bakin kwari ba wurin kwana ba ce a ranar da hukumar yanayi ta yi gargaɗi. Shinkafar da aka sauke da la'asar aka bar ta a faranti har tsakar dare kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka, ko dai a riƙe shi da zafi sama da daraja 60 ko a sanyaya shi ƙasa da daraja 5. Idan kuma daga waje aka yi odar abincin, a tambaya ko wurin yana da lasisin baladiyya, wato hukumar birni, ma'aikatansa kuma suna da shaidar lafiya da doka ta wajabta wa masu taɓa abinci.

Game da izini, akwai bambanci tsakanin iyali su shimfiɗa darduma a lambun gwamnati ko a Kurnish, wato wurin shaƙatawa na bakin teku, su ci abinci, da kuma a kafa rumfa, a jera kujeru, a ɗaura amsa-kuwa, a yi shela a WhatsApp cewa dukan 'yan jiha kaza su hallara. Na farko ba wanda zai tanka, na biyu taro ne a filin jama'a, kuma a ƙasar nan ba a yinsa sai da izini. Filaye da lambuna suna ƙarƙashin baladiyya, wato Amana ta kowane birni, wadda mafi yawan lasisinta yanzu ta manhajar Balady ake nema. Sharuɗɗan kariya daga gobara suna hannun Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceto. Idan abin ya zama na nishaɗi da ake buɗe wa jama'a ko a sayar da tikiti, to ya shiga hurumin Hukumar Nishaɗi da aka kafa a 2016. Dokar kiyaye ɗa'a a bainar jama'a ta 2019 ta sa tara a kan ƙure sautin kiɗa a unguwar da mutane ke zaune, da kunna kiɗa lokacin kiran salla da salla, da hura wuta a lambu a wurin da ba a ware don haka ba. Tara kuɗi daga jama'a ba tare da lasisi ba shi ma laifi ne, don haka gudummawar dangi a tsakaninsu daban, baza lambar asusu a zaurukan waya da sunan taimako kuma daban, kuma wanda aka yi amfani da asusunsa shi za a kira. Baƙo ba ya jayayya da dokar mai gida, abin da ya kamace shi shi ne ya san ta kafin ta san shi.

Wannan ya kawo ni kan batun da ya fi shafar masu irin aikina. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari kaza da 'yan jiha kaza suna da shugaba da ma'aji da sakatare, amma a idon doka babu su, domin dokar ƙungiyoyi ta 2015 'yan ƙasa ta bai wa damar kafa ƙungiya mai rajista. Idan haɗari ya auku ba za a nemi ƙungiya ba, za a nemi wanda sunansa ke kan takardar haya. Dokar mu'amalar jama'a da ta fara aiki a Disamban 2023 ta tabbatar da abin da fiƙihu ya daɗe da faɗa, cewa wanda kuskurensa ya jawo wa wani cuta shi ke da alhakin biya. Diyyar kisan kuskure kuwa, tun gyaran da aka yi mata a 2011, riyal 300,000 ce. Ina roƙon kowane direba ko tela ko mai gadi da ke sa hannu a madadin jama'a don a ce masa ya kyauta, ya lissafa shekarun da zai yi yana aiki kafin ya tara wannan kuɗi na rai ɗaya tak. A gida akwai dangi da za su haɗu su ɗauke wa mutum, wanda shi ne asalin abin da shari'a ta kira aƙila. A nan danginmu 'yan kaɗan ne, kuma kowa da nauyin da ya bari a gida.

Inshorar da ta dace da taro ita ce ta alhakin cutar da wasu, wadda ke biyan wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu ko mai dukiyar da ta lalace, idan alhakin ya hau kan mai inshorar. Ta bambanta da inshorar gini, wadda bango da rufi da kayan mai wuri kawai take biya. Ta kuma bambanta da inshorar lafiya da ke tare da iƙamar ma'aikaci, da wadda ke cikin bizar Umara, domin waɗannan suna biyan magani ne a kan sharuɗɗansu, ba sa ɗauke wa mai taro alhaki. A 'yan shekarun nan hukumomin ƙasar sun fito da tsarin inshorar alhaki na wuraren da jama'a ke cunkoso, saboda haka ba rashin kunya ba ne mai haya ya ce wa mai ɗakin biki ya nuna masa lasisin baladiyya da takardar Difa'ul Madani da takardar inshorarsa kafin ya ba da kafin alƙalami. Idan ya nuna, a duba ranar ƙarewarta, da iyakar kuɗin da take biya, da kuma ko ta haɗa da ɓarnar da mai haya ya jawo ko kuwa ta mai wurin kaɗai ce, domin sau da yawa ta mai wurin kaɗai ce. A karanta abubuwan da ta cire, don a nan gizo ke saƙa. Kamfanin inshora yana iya ƙin biya idan an wuce adadin mutanen da aka amince wa wurin, ko an yi abin da lasisi bai ƙunsa ba, ko an toshe hanyar fita, ko an daɗe ba a sanar da shi ba. Ma'ana, da a ce ma muna da inshora a daren bikinmu, da kwaɗon nan da rarar mutanen nan sun isa su ba kamfani hujja a kanmu. Inshora ba ta maye gurbin zagayawar da na ambata, a kanta take tsayawa. Idan kuma taron babba ne, kamfanonin da Hukumar Inshora ke kula da su, wadda ta karɓi wannan aiki daga Babban Bankin ƙasar a 2023, su ne wurin tambayar farashin kariya ta taron, a zuba kuɗin cikin lissafi kamar yadda ake zuba na raguna da na mai hoto.

Wasu za su ce inshora haramun ce, kuma maganarsu tana da tushe, sai dai ba ta cika ba. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a shekarar 1397 ta Hijira, daidai da 1977, ta halatta inshorar taimakekeniya, ta bambanta ta da ta kasuwanci wadda aka hana saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, da riba da kamanceceniya da caca. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tafi a kan haka a zamanta na Jidda a 1985. Kamfanin farko na irin wannan inshora a Sudan aka kafa shi a 1979 ta hannun Bankin Faisal, kuma babban malamin can, Shaihu Siddiƙ al-Darir, wanda ya yi zurfin bincike a kan garari, yana cikin waɗanda suka share masa hanya. Hujjar da malamai ke kawowa ta haɗa da hadisin Ash'ariyyawa, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi kuma ya yabe su. Bahaushen da ya tashi ya ga gayya da adashi da gudummawar biki ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Dokar Saudiyya ta 2003 ta ɗora kamfanonin ƙasar a kan tsarin taimakekeniya, kodayake akwai malaman da ke da ja a kan yadda ake aiwatar da shi, musamman ganin kashi 10 cikin ɗari kawai na rarar kuɗi ke komawa ga masu inshora. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutumin da motarsa ke da inshora don tsoron tara, iƙamarsa ke da inshora don ba ta sabuntuwa sai da ita, ya tuna da haramci sai a ranar da aka ce ya ƙara riyal kaɗan don matan da yaran da ya tara a ɗaki ɗaya.

Akwai wani abu da ba ma son faɗa a fili, amma ɓoye shi yana iya cin rai. A wasu tarukanmu akan sami wanda takardunsa ba su cika ba, kuma saboda shi sai a yi ta jan ƙafa wajen kiran hukuma idan wuta ta tashi ko wani ya faɗi, a ce bari mu gwada da kanmu tukuna. Gobara ba ta jiran shawara, wanda numfashinsa ya tsaya kuma mintoci kaɗan gare shi. A yankin Makka, wanda Jidda ke cikinsa, lambar gaggawa 911 ce, ta Difa'ul Madani 998, ta motar asibiti ta Hilal Ahmar 997. A zaɓi mutum ɗaya mai jin Larabci sosai tun kafin taro, a ce kai ne mai kira, a tura masa taswirar wurin a wayarsa, domin istirahohin bayan gari ba sa kwatantuwa da baki cikin firgici. Matsalar takarda tana da hanyoyin warwarewa, ko da masu ɗaci ne, kuma mai shirya taro ya san cewa dokar ƙasar tana da tsanani a kan ɓoye wanda ya saɓa ta.

Ina kira ga 'yan'uwanmu Hausawi da Barnawi da Fallata 'yan ƙasa, waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa tun kafin a san jirgin alhazai, kuma a yau akwai ma'aikatan baladiyya da na kashe gobara da na kamfanonin inshora a cikinsu, su taimaka mana da bayani cikin harshen da iyayenmu mata ke ji. Ƙananan ofisoshin jakadancin Nijeriya da Nijar da ke Jidda su ma suna iya tara shugabannin jama'a su gayyato wanda zai yi musu bayanin waɗannan dokoki. Ku kuma, Malam Edita, idan kuna da wakili a nan, ku turo shi ya zagaya irin waɗannan wurare a daren Alhamis ko Juma'a ya ƙirga ƙofofin ɓangaren mata da kansa.

Bayan Salla akwai walimar saukar yara bakwai na makarantar allon da ke kusa da mu, kuma an sake ɗora mini neman wuri. Na duba uku, biyu sun kasa nuna mini takarda ko ɗaya, na ukun ya nuna, amma kuɗinsa ya fi na sauran, kuma har yanzu iyayen yaran ba su gama yarda da ƙarin ba. Gwaggonmu da ta karye an cire mata ɗauri, ta kuma aiko mini da saƙo cewa idan za a yi walimar, ita za ta zauna a bakin ƙofar baya, makullin yana ɗaure a bakin zanenta.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani mai karatu,
Jidda, Saudiyya.